Littafi, Excel ko manhaja: wanne ke nuna wanda ya taɓa lissafin mangaza?

A wata mangazar hatsi da ke kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram, inda nake riƙe wa wani Alhaji lissafi, mun taɓa wayar gari da giɓin buhu 14 na wake. Kwamfuta ta ce 312. Muka ƙirga sau biyu, ni da mangazinye da ƴan dako biyu, muka samu 298. Alhaji yana zaune bisa tabarma a bakin ƙofa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ban kai ga tambayar buhu ba tukuna. Wa ya rubuta 312, kuma yaushe?"

Na buɗe fayil ɗin Excel, na duba sama na duba ƙasa. Lamba tana nan zaune a gidanta, amma babu abin da zai gaya mini ko jiya aka sa ta ko tun bayan Sallah. Mutum huɗu ke taɓa wannan kwamfutar, kuma kalmar sirri ɗaya ce gare su duka. Mako uku yaron da ke riƙe da makulli ya yi yana yawo da zargi a kansa, ko abinci ba ya zama ya ci tare da mu. Daga baya aka ga kwafin bon, wato takardar shaidar fitar da kaya, a aljihun wani direba: buhunan sun tafi Magariya bisa umarnin Alhaji, an ma cire su daga lissafi a ranar. Abin da ya faru, wani ya buɗe tsohon fayil daga kile USB ya ajiye shi a kan sabon, aikin kwana biyu ya shafe. Gaskiya ta fito, amma yaron bai ƙara wata biyu a wurin ba. Har yau abin yana ci mini rai, don shi ya biya kuɗin sakacin da ba nasa ba.

Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni wace manhaja zai saya don kula da kaya, ba na fara da farashi ko kyan allo. Tambayata ita ce: idan aka gyara lamba, ina tsohuwar take tafiya?

Abin da masu Faransanci ke kira piste d'audit, ni sawu nake ce masa, don makiyayi ma da sawu yake gano inda dabba ta bi. Sawu mai kyau yana nuna wanda ya yi canji da sunansa, da abin da ke wurin kafin ya taɓa, da abin da ya koma, da dalili, da takardar da ta tsaya masa shaida, bon ne ko faktir. Sannan yana nuna lokaci iri biyu: ranar da kaya suka motsa, da ranar da aka shigar da maganar. Wannan na ƙarshe mutane ba su cika kula da shi ba, alhali a nan ɓaraka ta fi ɓuya. Kamyo ya sauke kaya ranar Litinin, aka rubuta ranar Alhamis, to kwana ukun nan da ke tsakani fa? Idan tsari yana ajiye ranaku biyun, kowa zai ga tazarar.

Doka ma ta yi magana a kan wannan. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar lissafin kamfanoni da aka amince da ita a Brazzaville a 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta ce a riƙe littattafai ba tare da barin fili ko gogewa ba. Idan an yi kuskure, sai a sake rubuta lambar a matsayin ragi, sannan a rubuta daidai. Ta ce idan da kwamfuta ake aiki, abin da aka tabbatar ba ya gogewa kuma ba ya sauyuwa daga baya. Ta wajabta ƙirga kaya ido da ido a ƙarshen kowace shekarar lissafi, ta kuma ce a adana littattafai da takardun shaida shekara 10. Ƙananan ƴan kasuwa, waɗanda cinikinsu bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, an sauƙaƙa musu tsarin lissafi, sai dai sauƙin bai haɗa da izinin gogewa ba. Ga wanda yake ganin rubutu rashin yarda ne da ɗan'uwa, ina tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma da muminai take magana.

Bari mu fara da littafi, don shi ne mafi yawan ƴan kasuwar Damagaram suka sani. Ina nufin littafi ɗinkakke mai lambar shafi, da biro ake rubutu, tare da fish, wato katin rubuta shiga da fita, ta kowane kaya rataye a jikin tarin buhuna, da kundin bon mai kabon wanda ke fitar da kwafi uku: ɗaya ga direba, ɗaya ga mai karɓa, ɗaya ya zauna a jikin kundi. Mutane suna raina wannan tsari, amma ta fuskar sawu ya fi na'urori da yawa. Rubutun hannu shi kansa sa hannu ne, kowa ya san 7 ɗin mangazinye daban da ta ɗan Alhaji. Idan aka soke lamba da layi ɗaya, tsohuwar tana nan ana karanta ta. Idan aka yage shafi, lambar shafi za ta tona. Kuma kwafin da ya tafi da direba ya fita daga hannun mai son gyara, shi ne ma ya ceci yaron da na ba da labarinsa. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, abin da duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san nauyinsa.

Rauninsa a fili yake. Littafi ba ya sanin ƙarfe nawa aka rubuta layi, mutum zai iya zama da dare ya cike na kwana biyar da biro ɗaya. Bincike a cikinsa wahala ne: a ce ka nemo duk katan ɗin man girki da ya fita zuwa Tanut cikin wata shida, sai ka kwana kana juya shafi. Gara da ruwan damina da gobara kuma ba su san darajarsa ba. Idan mangaza ɗaya ce, kaya ba su wuce iri ashirin ko talatin ba, kuma maigida yana wurin kullum, littafi ya wadatar. Da zarar mangaza ta zama biyu, ya fara gazawa, don babu mai ganin littattafan biyu lokaci guda.

Excel ba zan daɗe a kansa ba. Yana da kyau wajen haɗa jimla da fitar da rahoto, kuma ni ma kullum ina amfani da shi. Amma gidan lamba a Excel ba ya tuna wanda ya zauna a cikinsa jiya. Ka rubuta sabuwa, tsohuwa ta tafi. Sababbin zubin da ke ajiye fayil a intanet suna nuna canje-canjen baya, haka ma Google Sheets yana da tarihin fayil har da na kowane gida, da sunan asusun da ya yi gyaran. Wannan ci gaba ne, sai dai ba ya tambayar dalili, ba ya haɗa gyara da bon, kuma idan aka kwafe fayil zuwa sabo, tarihin ba ya binsa. A ganina, wanda ya bar littafi ya koma Excel shi kaɗai, ya samu sauri amma ya rasa shaida. Idan dole ne, to a daina gyara jimla da hannu: kowane motsi ya zama sabon layi a ƙasa, jimla ta riƙa fitowa da kanta, kuma kundin bon ya ci gaba da aiki.

Manhajojin waya na ciniki, waɗanda matasa masu shaguna suka fara sabawa da su, suna kama sayarwa da kyau, wasu ma suna aiki ba intanet su aika bayanai daga baya. Abin dubawa a nan shi ne, a yawancinsu tarihin gyaran kaya da bambanta ma'aikata suna cikin ɓangaren da ake biya duk wata. Na kyautar sau da yawa yana barin mai waya ya sauya adadi kai tsaye. Sun dace da shago mai kanta ɗaya, ba su kai ga ɗaukar nauyin mai sari ba.

Inda zaɓi yake da wuya da gaske shi ne tsakanin manhajar da ake girkawa a kwamfutar ofis, da wadda aka gina ta kan motsin kaya.

A rukuni na farko, sunan da kwantabul-kwantabul na ƙasashen sefa suka fi sani shi ne Sage, wanda tsofaffi har yanzu ke kira Saari. Yana aiki a kwamfutar ofis ba sai da intanet ba, yana da Faransanci, yana ɗaure takardu a jere daga oda zuwa bon na kai kaya zuwa faktir, yana kuma da motsin shiga da fita da na mangaza zuwa mangaza. Samun wanda ya iya shi ba wuya, don ana koyar da shi a makarantun lissafi. Amma ƙarfin sawunsa ya rataya ne ga yadda aka raba izini. Idan aka bar kowa da ikon gyarawa da gogewa, takardar da ba a rufe ba tana iya sauyawa ko ta ɓace. Na sha shiga ofis na tarar kowa da asusun shugaba yake shiga, don wanda ya girka bai tsaya ya buɗe wa kowa nasa ba. Kwafin sata kuma, wanda ake girka wa mutum da ƴan jikkuna, ranar da ya lalace babu wanda za ka kira.

A cikin rukunin nan akwai manhajojin da matasanmu masana kwamfuta ke rubutawa da kansu. Ina son a ƙarfafa musu, don sun san tiya sun san buhu, sun san mai saye yana iya biyan rabi da sefa rabi da naira. Abin da nake roƙonsu shi ne su daina sa maɓallin gogewa a kan motsin da aka riga aka tabbatar, kuma su kulle rumbun bayanan, don na ga wanda ake buɗewa ta baya a gyara lamba ba tare da an bi ta manhajar ba. Akwai kuma matsalar agogo, wadda ta shafi duk abin da ke zaune a kwamfuta ɗaya: mai son mayar da kwanan wata baya zai iya sauya agogon kwamfutar, kuma tsohuwar na'ura da ƙaramin batirinta ya mutu tana rikita kwanan wata da kanta duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Rukuni na biyu su ne irin Odoo, na wani kamfanin Beljiyam, da ERPNext na Indiya, da Dolibarr wanda ya fito daga Faransa. Tunanin Odoo ya yi kama da lissafin kuɗi mai ɓangare biyu: kaya ba sa bayyana haka kawai kuma ba sa ɓacewa, kullum daga wani wuri suke zuwa wani wuri. Buhu ya tashi daga mai kawowa zuwa mangazar Sabon Gari, daga can zuwa "kan hanya", daga kan hanya zuwa mangazar Matamaye. Ko asara tana da nata wurin. Idan ƙirga ya nuna 298 maimakon 312, ba a goge 312, sai a haifi sabon motsi na buhu 14 zuwa wurin gyaran ƙirga, da sunan wanda ya yi da lokacin. Ga mai kayan da ke yawo tsakanin garuruwa, wannan wurin na "kan hanya" ya fi komai amfani, don yana raba alhakin mai lodi da na direba da na mai saukewa. ERPNext kuma takarda tana da matsayi uku: zayyana, tabbatacciya, sokakkiya. Wadda aka tabbatar ba a gyara ta kai tsaye, sai a soke ta a fitar da sabuwa mai ɗauke da lambar tsohuwar da ƙarin alama, kuma tun daga zubi na 13 sokewa tana rubuta layin warwarewa ne, ba ta share na farko. Yana ba da damar daskarar da kaya har zuwa wata rana, yadda babu mai komawa baya ya cusa motsi a watan da aka rufe. Wannan shi ne ainihin abin da dokar OHADA ke nema.

Kada dai a ɗauka ba su da ƙofar baya. A Odoo, mai babban izini yana iya buɗe takardar da aka gama ya sauya adadi, ko da yake ana rubuta hakan a gefen takardar. Kuma ba kowane gida ne ake bin sawunsa ba sai an saita, ko an ƙara wani ɓangare na musamman. Nauyinsu na gaske kuwa shi ne kula. Zubin kyauta ba a biyan lasisi, amma sai ka biya ma'aikacin da zai girka ya kuma riƙa dubawa, kuma idan ya koma Yamai ko ya samu wani aiki, kana iya zama da na'urar da ba mai taɓa ta. Idan a intanet aka ajiye, agogo ya fita daga hannun ma'aikata kuma gobara ba ta cin bayanai, amma ranar da layi ya yanke, lodi ya tsaya ko a koma takarda. Idan a ofis aka ajiye uwar na'urar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan duka, ana bukatar batir ko sola. Mun ga abin da ya faru daga Agusta 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya aka kuma rufe iyaka: tsarin da ba zai iya kwana ba wuta ba, bai dace da mu ba.

Akwai wasu abubuwa na kasuwarmu da nake so mai zaɓe ya gwada kowace manhaja da su, don wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa a Dole ranar Alhamis ba. Buhun hatsi na kilo 100 ana lissafa shi tiya 40, amma wanda aka saya da kaka ba ya auna haka bayan wata biyar, ya bushe, an sake zuba shi a wani buhu, ɓera ya taɓa, wake kuma in ba a buhu mai ninki uku aka sa shi ba, ƙwari sun ci rabonsu. Wannan ragi na halal ne, kuma idan manhaja ba ta da wurin rubuta dalilinsa daban, sai ya cakuɗe da sata, mai gaskiya ya shiga zargi, mai hannu kuma ya samu mafaka. Haka fasa katan zuwa fakiti, ko buhu zuwa tiya: dole motsin ya nuna buhu ɗaya ya fita, tiya kaza sun shiga. Sannan farashin saye. Kayan da aka ɗauko daga Kano da naira, ta Dan Barto ko ta Magariya, kuɗinsu da sefa ya danganta da canjin ranar da kuɗin mota da na duwan. Wanda ya iya sauya farashin saye a ɓoye ya iya ɓoye asara ba tare da ya taɓa buhu ko ɗaya ba, don haka sawun farashi yana da nauyi daidai da sawun adadi. Masu magani, taki, iri da madara kuwa, su nemi mai bin lambar rukuni da ranar lalacewa, wannan ba abin sassauci ba ne.

Kafin ka biya ko dala, ka ce mai tallar ya zauna da kai awa ɗaya. Ku shigar da buhu 50, ku tabbatar. Ka ce ya mai da su 45, sannan ya nuna maka inda 50 ɗin take. Ka ce ya goge takardar gaba ɗaya, ka ga ko za ta yarda. Ku mayar da agogon kwamfuta baya da mako guda ku sake shigar da wani motsi. Ku shiga da asusun yaron shago ku ga me yake iya taɓawa. Ku zare wayar wuta daga bango ana tsakiyar aiki. A ƙarshe ka ce ya fitar maka da tarihin duka a fayil ko a takarda, wanda za ka iya karantawa ko da kun rabu da shi. Idan ya fara kewaye-kewaye a tambaya ta biyu, ka riga ka samu amsarka.

Ga inda na tsaya. Mai mangaza ɗaya da yake zaune a kan kayansa, ya riƙe littafi da bon mai kabon, ya bar Excel ga rahoton ƙarshen wata. Wanda ya riga yana da Sage kuma kwantabul ɗinsa ya iya shi, kada ya yi gaggawar sauyawa: ya buɗe wa kowa asusunsa, ya cire ikon gogewa daga hannun kowa har da ƴaƴansa, ya riƙa rufe wata a kan lokaci. Wanda yake da mangaza biyu ko fiye, ko motocinsa suna kai kaya Tanut, Gure da Mirya, shi ne ya kamata ya ɗauki wahalar Odoo ko ERPNext, da sharaɗin ya samu mai kula da zai iya kira ko da daddare, kuma a riƙa fitar da kwafin bayanai ana ajiyewa a wani gida daban. Tsakanin biyun, Odoo ya fi sauƙin samun masu iya shi a ƙasashen Faransanci kuma yana da SYSCOHADA, tsarin lissafin ƙasashen OHADA, a shirye, ERPNext kuma ya fi tsauri wajen hana taɓa abin da aka tabbatar.

Mu a wurin Alhaji mun ɗauki shawara ta ukun, ta manhaja mai bin motsin kaya, uwar na'ura a ofis da sola a kan rufi, amma ba mu jefar da kundin bon ba. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kalmar sirri. Ƙanen Alhaji ya ce, "Yaya, yanzu ni ma sai an ba ni lamba kamar baƙo?" Alhaji ya ce masa, "Ni ma tawa daban ce, kuma Malam ya cire mini ikon gogewa." Kowace Alhamis bayan la'asar, idan kasuwa ta lafa, muna zaɓar kaya iri uku mu ƙirga, ba ma faɗa wa kowa waɗanne ne sai an buɗe ƙofa. Wanda ya ƙirga ba shi ke shigar da gyara ba, kuma duk gyaran da ya wuce buhu biyu sai Alhaji ya gani ya sa hannu a takarda kafin a tabbatar. Makon jiya gero ya nuna ragin buhu ɗaya da tiya shida, muka buɗe tarihi, muka ga an sake zuba tsohon tari a sababbin buhuna ranar Talata ba a rubuta ragin ba. Mangazinye ya rubuta dalili, ya sa sunansa, aka rufe kafin kiran magariba.